Motar gida mai jan ƙafa huɗu a Batagarawa: Abin da take bayarwa da abin da take karɓa

Duk wanda ke zaune a sababbin unguwannin da suka tashi a gefen titin Dutsin-Ma, daga bakin birnin Katsina zuwa garin Batagarawa, ya san yadda safiyar watan Agusta take idan an kwana ana ruwa. Babban titi lafiyarsa ƙalau, kwalta ce shimfiɗe har cikin gari. Wahalar tana tsakanin ƙofar gida da bakin kwaltar, wata 'yar tazara da sau da yawa ba ta wuce kilomita ɗaya ba, wadda ruwa ya mayar taɓo a nan, ya tara yashi a can, ya yanka rami a tsakiya. A nan ne za ka ga ma'aikaci cikin fararen kaya ya fito yana kallon tayar motarsa ta gaba tana juyawa a wuri ɗaya, yara 'yan makaranta na zaune a baya, lokacin ofis kuma yana wucewa.

Wanda hakan ta taɓa faruwa da shi sau biyu ko uku, ba ya buƙatar dogon bayani idan dillali ya nuna masa mota ƙirar salun da aka rubuta wa 4Matic ko AWD ko Quattro a bayanta, ya ce masa wannan mai fowil ce, ƙafafunta huɗu duk suna ja, ba ta kafewa. Ga kyan gani, ga sanyin ciki, ga alkawarin rabuwa da kunyar turi. Irin waɗannan motoci, musamman Mercedes C300 da E350 da Lexus IS250, da 'yan uwansu marasa but irin su Pontiac Vibe da Toyota Matrix masu fowil, sun zama sanannu a wuraren sayar da motoci na Katsina da Kano.

Sai dai tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, riƙon mota ya fi sayenta nauyi a wuyan mai albashi da matsakaicin ɗan kasuwa. Katsinawa sun san wannan lissafi tun daga kan doki: kuɗin saye rana ɗaya ake biya, harawa da dusa kuwa kullum ne. Don haka ya kamata a zauna a duba abin da motar mai jan ƙafa huɗu ke yi wa mazaunin Batagarawa, da abin da shi kuma zai riƙa yi mata duk wata.

An ƙera ta ne domin ƙanƙara

Yawancin ƙananan motocin da muke hawa, irin su Corolla da Civic da Peugeot 406 da Golf, tayoyin gaba biyu ne ke jan su. Wasu, kamar tsohuwar 504 da Marsandi ta asali, na baya ne ke tura su. Mai jan ƙafa huɗu kuwa tana raba ƙarfin injin zuwa gaba da baya, ta hanyar ƙarin akwatin raba ƙarfi da farfela da aksil na biyu. Idan taya ɗaya ta sami santsi, sauran sai su ɗauki nauyin jan.

Tarihin shigar wannan fasaha cikin motar gida yana nuna wanda aka yi ta dominsa. Kamfanin Subaru na Japan ya fitar da Leone mai jan ƙafa huɗu a 1972, bayan wani kamfanin lantarki na yankin Tohoku mai yawan dusar ƙanƙara ya nemi ƙaramar motar da ma'aikatansa za su iya yawo da ita a lokacin sanyi. Audi ya nuna Quattro a bikin baje kolin motoci na Geneva a 1980, Mercedes kuma ya gabatar da 4Matic a 1985. Da Toyota ya dawo da Camry mai jan ƙafa huɗu a samfurin 2020, bayan kusan shekara 30 da daina yin irinta, kasuwar Arewacin Amurka ya nufa, inda ake shafe watanni ana tuƙi a kan ƙanƙara.

Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan mai saye a Katsina. Kaso mai yawa na motocin hannu da ke shigowa Najeriya daga Amurka da Kanada suke fitowa, kuma masu jan ƙafa huɗu sun fi yawa a yankunan sanyi, inda hukumomi ke watsa gishiri a kan titi domin narkar da ƙanƙara. Gishirin nan yana cin ƙarfen ƙarƙashin mota. Sai ka ga jiki na sheƙi, kujeru kamar sababbi, amma da an ɗaga ta a ga tsatsa ta kama bututun birki da wuraren da ƙafafu ke ɗaure. Mai saye da bai sa an ɗaga motar ko an hau da ita kan rami ya leƙa cikinta ba, rabin motar kawai ya gani.

Abin da hanyarmu ke nema

Damina a Katsina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta. Sauran watanni takwas na shekara ƙasa a bushe take, abin da mota ke fama da shi shi ne ƙurar hunturu da zafin bazara da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Ke nan ranakun da ƙarin jan tayoyi zai yi amfani na haƙiƙa ba su da yawa, alhali nauyin ƙarafan yana tare da motar kowace rana.

Ko a cikin daminar ma, abin da ya fi tsayar da ƙaramar mota a layukan bayan gari shi ne ƙarancin tazarar cikinta da ƙasa. Camry ta 2020, da mai fowil da marar fowil, tazararsu ɗaya ce, kimanin santimita 14 da rabi. C300 da IS250 ma ƙasa-ƙasa suke, domin an yi su ne don gudu a shimfiɗaɗɗen titi. Idan babbar motar yashi ta bi layi ta bar kwari biyu da tudu a tsakiya, ƙaramar mota za ta zauna a kan cikinta, tayoyin huɗu su yi ta juyawa a banza. A C300 mai 4Matic akwai ƙarin abin lura: sandar da ke juya tayar gaba ta ratsa ta cikin kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin injin. Dutse ɗaya ko tudun rage gudu mai tsini da ya daki wurin yana iya jawo gyaran da ya fi na mota marar fowil tsada nesa ba kusa ba.

Dattawan ma'aikata za su tuna cewa motar da ta yi suna a hanyoyin burji na tsohuwar Jihar Kaduna ita ce Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar PAN ta Kaduna da ta fara aiki a 1975. Tayoyin baya kaɗai ke tura ta. Abin da ya ba ta nasara shi ne tana da tudu, ƙafafunta suna jure ramuka, kuma kowane bakanike daga Funtuwa zuwa Jibiya ya san cikinta, kayanta kuma suna nan a kowace tasha.

Wani kuskuren fahimta da ke iya kai wa ga asarar rai shi ne ɗaukar cewa fowil yana taimaka wa birki. Yana taimakawa wajen tashi da riƙe hanya lokacin da ake taka mai a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Wajen tsayawa kuwa kowace mota da tayoyi huɗu take taka birki, kuma mai ƙarin nauyi ba ta fi saurin tsayawa ba. Direban da ya saki jiki da rubutun bayan motarsa ya ƙara gudu cikin ruwa a hanyar Kano, ya jefa kansa da iyalinsa cikin haɗari.

Lissafin mai

Kafin Mayun 2023 farashin litar fetur a hukumance bai kai Naira 200 ba. Cikin kwanaki kaɗan bayan sanarwar cire tallafi ya haura Naira 500, a Oktoban 2024 kuma ya tsallake Naira 1,000 a sassa da dama na ƙasar. Tun da matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024 farashin yake hawa yana sauka, amma bai koma kusa da inda ya baro ba. Katsina kuma tana can ƙarshen hanyar tanka daga Legas, saboda haka kuɗin dako yana hawa kan kowace lita.

Nawa fowil ke ƙarawa? Alƙaluman hukumar kula da muhalli ta Amurka a kan Camry ta 2020 sun ba da amsa mai sauƙi, domin injin iri ɗaya ne a motocin biyu. Marar fowil tana shan kimanin lita 7.4 a kilomita 100, mai fowil kuma kimanin lita 8.1. Bambancin ya kai kashi 10 cikin 100. Wannan shi ne kuɗin ɗaukar ƙarin ƙarafa da juya su.

Amma Camry ta 2020 ba ita ce ma'aikacin da ke matakin albashi na 10 ko 12 ke saye ba. Waɗanda suka kai hannunsa tsofaffin motocin alfarma ne na shekarun 2007 zuwa 2013, kuma kusan dukkansu injin silinda shida ne da su. A ma'aunin waccan hukuma, C300 mai 4Matic ta wancan zamani tana shan lita 13 zuwa 14 a kilomita 100 a cikin gari, Corolla mai injin 1.8 ta zamani ɗaya kuma kimanin lita 9. Wannan ma'auni ne na sabuwar mota a kan titi mai kyau, ba wadda ta shekara goma sha biyar tana aiki, ana kuma kunna mata na'urar sanyi a zafin Afrilu ba.

Mu ƙaddara malami ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ko ɗan kasuwa mai shago a babbar kasuwar Katsina. Kai yara makaranta, zuwa aiki, cefane, ziyarar asibiti da zumuncin ƙarshen mako, a ce kilomita 1,000 a wata. Mu sa lita a Naira 1,000 domin sauƙin lissafi. Mai Corolla zai kashe Naira 90,000, mai C300 kuma aƙalla Naira 130,000. Bambancin Naira 40,000 ne a wata, Naira 480,000 a shekara. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne, wato rarar da ke tsakanin motocin biyu kaɗai ta haura rabin albashin ƙaramin ma'aikaci. A gidan da ke biyan kuɗin makarantar yara uku ko huɗu, kowa ya san daga inda za a yanko wannan kuɗi.

Akwai kuma batun ingancin man. Masu ƙera waɗannan motoci sun tanadi a riƙa zuba musu fetur mai daraja ta sama, alhali gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa. Ba a manta da gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 ba, wanda hukumomi suka tabbatar yana ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima. Injin mai yawan na'urori ya fi saurin nuna rashin jin daɗi idan ya sha abin da bai saba ba.

Taya huɗu, albashi ɗaya

A nan ne ɗabi'ar motar ta fi cin karo da yadda muke rayuwa. Mai mota a ƙasar nan kaɗan-kaɗan yake gyara. Taya ta fashe, ya je wurin mai faci. Ta ƙi facuwa, ya sayi guda ɗaya ta hannu wadda ake kira Beljiyam, ya ɗaura, sauran ukun su jira wani watan. Ba sakaci ne ke sa haka ba, albashi ne ke zuwa sau ɗaya a wata ya tarar da buƙatu goma suna jiransa. Corolla da 406 suna haƙuri da wannan tsari.

Mai jan ƙafa huɗu ba ta haƙuri da shi. Tayoyinta huɗu a haɗe suke ta cikin akwatin raba ƙarfi, don haka dole faɗinsu da kewayensu su zo kusan daidai. Idan ɗaya sabuwa ce ɗaya kuma ta cinye, ko lambar girmansu ta bambanta, ƙaramar za ta riƙa juyawa fiye da babbar. Na'urar sai ta ɗauka santsi ake yi, ta yi ta ƙoƙarin daidaitawa a kan busasshiyar kwalta, ta yi zafi, ta ci kanta. Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan motoci ke gargaɗin a sa tayoyi iri ɗaya masu cinyewa ɗaya, wanda a aikace yake nufin canja huɗun a lokaci guda. Tayoyin kuma galibi masu inci 17 ne ko 18, siraran gefe, waɗanda rami ke saurin kumburawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana jan hankali a kan tsofaffin tayoyi, tana cewa a duba lambar shekarar ƙira da ke jikinsu; wanda ke sayen na hannu ɗaya bayan ɗaya da wuya ya haɗa huɗu masu shekara ɗaya.

Ko jan motar idan ta lalace yana da ƙa'ida. Ba a ɗaga gabanta a bar tayoyin baya suna gudu a ƙasa, ba a kuma ɗaure ta da igiya a ja ta tafiya mai nisa. Sai an ɗora ta gaba ɗaya a kan motar ɗauka. Wanda ta mace masa a tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma da yamma ta yi, a yanayin tsaron da wasu hanyoyin jihar suka shiga a 'yan shekarun nan, ba zai tsaya jiran motar ɗauka daga Katsina ba. Zai ja ta da abin da ya samu, giyabos kuma ya biya kuɗin daga baya.

Bakanike da maganar cire farfela

Bayan baƙin man injin da na giya, mai fowil tana da man aksil na gaba da na baya, wasu kuma da na akwatin raba ƙarfi, kowanne da irinsa da lokacin canjinsa. Da yawa daga masu motocin ba su san da zaman waɗannan mayuka ba sai ranar da suka fara jin kuka daga ƙasa. Makanikan Katsina gwanaye ne a kan Toyota da Honda da Peugeot da Golf, domin a kansu suka koyi aiki. Masu na'urar kwamfuta da sanin cikin Marsandi ta zamani ko Audi ba su kai su yawa ba, kuma aikinsu ya fi tsada. Idan babban abu ya lalace, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, a jira kwanaki, a kuma yi addu'ar abin da za a turo ya dace, domin giyabos ɗin mai fowil dabam yake da na marar fowil ko da sunan motar da shekararta ɗaya ne.

Daga nan ne shawarar da ta zama ruwan dare ke fitowa: a cire farfela a huta. A motoci irin su Vibe da Matrix, waɗanda asalinsu gaba ke ja baya kuma ya kawo ɗauki idan an sami santsi, motar za ta ci gaba da tafiya bayan an cire. Amma aksil ɗin baya da sauran ƙarafan suna nan tana ɗauke da su, saboda haka sauƙin man da ake samu bai taka kara ya karya ba, kuma an rasa abin da aka sayi motar dominsa. A motocin da kullum ƙafa huɗu ke ja, kamar 4Matic da Subaru, cire sanda ɗaya yana rikita tsarin gaba ɗaya, sai an kai ga walda a cikin akwatin, kuma daga ranar motar ta tashi daga yadda aka ƙera ta. Wanda zai sayi mai fowil a hannun wani a nan gida ya fara duba ko farfelar tana nan. Dillalai sun san dalilin da ya sa Vibe mai fowil ke daɗewa a fili fiye da 'yar uwarta, araha kuma, in ji Hausawa, ba ta ado.

Dala, kwastan da iyaka

Babu ko ƙusa ɗaya ta waɗannan motoci da ake ƙerawa a Najeriya, don haka farashin kayan gyaransu farashin Dala ne. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake canjawa ƙasa da Naira 500 a hukumance ta haura Naira 1,500 a Fabrairun 2024, kuma da wannan sabon canji Hukumar Kwastan ke lissafin kuɗin fito. Sakamakon haka motar da ta shigo daga waje ta yi tsadar da ta fi ƙarfin mafi yawan ma'aikata, kasuwa ta koma kan motocin da aka yi amfani da su a gida. Waɗannan kuwa su ne suka sha taya ɗaya-ɗaya da man da bai dace ba a hannun masu su na baya.

Katsina na da nata tarihin a wannan harka. Shekaru da dama motocin Kwatano suna bi ta Jamhuriyar Nijar, su sauka Maraɗi, su shigo ta Jibiya. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2017, ta rufe iyakokin baki ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufe iyakar, sai a Maris na 2024 aka buɗe daga ɓangaren Najeriya. Duk motar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya a tsawon wannan lokaci tana iya zuwa da takardun da ba za su tsaya a gaban jami'in kwastan ba. Ita kanta hukumar ta ba da wa'adin kwana 90 a Maris na 2024 domin masu irin waɗannan motoci su je su biya abin da ake bin su. Mai saye ya tantance takardar kwastan da lambar jikin mota kafin ya biya, domin motar alfarma ta fi jan idon masu bincike a hanyar Kano ko Abuja. A ƙara da inshorar dole, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 tun Janairun 2023, kuma 'yan sanda suka tsananta bincikenta daga Fabrairun 2025.

Masu sa ran mayar da motar ta koma amfani da iskar gas ta CNG su ma su yi lissafi. Shirin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 yana rage kuɗin tafiya inda ake samun gas ɗin, amma tukunyar tana cinye but ɗin da iyali ke zuba kaya, injin mai fesa mai kai tsaye irin na IS250 ya fi wuyar juyawa, kuma wuraren sayar da gas a Arewa maso Yamma ba su kusanci yawan gidajen mai ba. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020, shi ne ake jira ya sauya wannan hali.

Wa ta dace da shi?

Adalci ne a faɗi cewa motar tana da masu ita. Wanda ke yawan doguwar tafiya a damina, yana da kuɗin shiga da zai iya sayen taya huɗu rana ɗaya ba tare da ya taɓa kuɗin abinci ba, yana kuma da bakaniken da ya san ta, zai ji daɗin natsuwarta a kan titi. A kan siririn yashi ko laka marar zurfi tana fita inda Corolla ke tsayawa. Ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye kamar Ajiwa da Charanchi ko yake zuwa gona kowane mako kuwa, abin da yake buƙata mota ce mai tudu, ko da tayoyi biyu ne ke jan ta. Ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa ofis, tayoyi masu kyau a kan motar da kowa ya san gyaranta za su biya masa buƙata a mafi yawan ranakun shekara. Kafin ya karɓi bashin ƙungiyar ma'aikata ko ya kwashi adashi, ya zauna da uwargida su rubuta kuɗin mai na wata, da na taya huɗu, da na babban gyara guda a shekara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce da yawa ba a gaya musu rariya ce ba.

Kilomita ɗayan da ya rage

Bayan duk wannan, a koma kan abin da ya tura mutumin wurin dillali tun farko, wato layin da ke tsakanin gidansa da kwalta. Birnin Katsina yana faɗaɗa zuwa cikin Ƙaramar Hukumar Batagarawa, gonaki suna komawa filaye, filaye suna komawa gidaje, sau da yawa kafin a shata magudanar ruwa ko a zuba burji. Kowane magidanci sai ya nemi mafita shi kaɗai: wani ya sayi mota mai fowil, wani ya zuba tifar ɓaraguzai a ƙofar gidansa ya tura ruwan gidan maƙwabci. Idan aka tara rarar kuɗin mai da na gyara da gidaje hamsin na layi ɗaya ke kashewa a shekara biyu, zai yi aikin kwalbati da burji mai yawa.

Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora gina tituna da layuka da magudanan ruwa na cikin gari a wuyan ƙananan hukumomi, kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya ya ƙaru tun bayan cire tallafi, wato daga aljihun mai sayen fetur ya fito. Jihar Katsina tana cikin jihohin da ke cin gajiyar shirin hanyoyin karkara na RAAMP da Bankin Duniya ke tallafawa, tana da hukumar tsara birane, tana kuma da hukumar sufuri ta KTSTA. Haƙƙin mazauna Batagarawa ne su tambayi shugaban ƙaramar hukumarsu da ɗan majalisarsu da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa layuka nawa za a zuba wa burji a yi wa lambatu kafin damina mai zuwa, su nemi kada a sake amincewa da yanka filaye ba tare da hanyar ruwa ba, su kuma nemi motocin bas masu tsayayyen lokaci a titin Dutsin-Ma, inda manyan makarantu ke jere, domin ma'aikaci ya iya ajiye motarsa kwana uku a mako.

Ƙungiyoyin unguwa ma suna da rawar takawa, tun da aikin gayya ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Ranar da layi ya gyaru, magidanci zai zaɓi mota bisa ƙarfin aljihunsa da yawan iyalinsa. Kafin nan, duk wanda dillali ya nuna wa rubutun bayan mota, ya sa a ɗaga ta ya ga cikinta, ya karanta lambar tayoyin huɗu, ya tambayi kuɗin giyabos ɗinta a Kano, sannan ya yi tayi.